Darasin Hannu: Yadda Ake Fenti da Rufe Kifin Yaudara na Katako da na Roba

'Yan uwa ɗalibai, wanda ke zaune a Kamazou ko yake bi ta can ya san Kogin Kaduna ba nisa, kuma ya saba ganin masu fatsa da ƙugiyarsu da gwangwanin tana. To akwai wata hanyar da ba ta buƙatar tana. Ana sassaƙa ɗan kifi na katako ko na roba, a saƙala masa ƙugiya, a jefa a riƙa ja, kifayen da ke cin 'yan uwansu, irin su tsage da giwan ruwa, su kawo masa cafka. Shi muke kira kifin yaudara. Darasinmu na yau a kan fentinsa ne da rufinsa.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne, launi na biyu ne, rufi ne na farko. Katako yana shan ruwa. Da ya sha sai ya kumbura, fenti ya tsattsage, nauyinsa ya canja, ya daina rawar da ke jawo kifi. A shekarar 1936 wani masunci a ƙasar Finlan, Lauri Rapala, ya sassaƙa nasa da ɓawon itace mara nauyi, ya naɗe shi da takardar ƙyalli ta cakulan, ya narka fim ɗin hoto ya rufe shi da shi. Ba shi da fenti mai tsada, amma ya hana ruwa shiga, kuma har gobe ana sayar da kifin yaudara da sunan Rapala a duniya.

Mataki na 1: Gwaji kafin fenti. Ka nemi katako mara nauyi, kamar guntun malaina busasshe daga wajen kafinta. Bayan sassaƙa, ka sa wayar da za ta riƙe ƙugiya da ɗan nauyin da ke ciki, ka ɗan shafe shi da gam, ka jefa a bokitin ruwa. In ya kwanta ta gefe, gyara yanzu. Bayan fenti gyara asara ne.

Mataki na 2: Guga. Fara da samfefa mai lamba 120, ka koma 220, ka ƙare da 400. Duk ƙarcen da ka bari, fenti sai ya tona shi.

Mataki na 3: Toshe katako. Ka shafa gam mai haɗi biyu, irin Araldite, siriri ƙwarai, har cikin ramukan waya, domin ta nan ruwa ya fi shiga. Bar shi ya kwana, ka sake gogewa da 400.

In na roba ne, ba ya shan ruwa, amma yana da nasa hali. Tina tana cin wasu robobin, don haka da sabulu da ruwa ko sifirit za ka wanke shi, ka ɗan karce shi da samfefa. Robar jarka da ta murfin kwalba kuwa fenti ba ya kama su da kyau, kada ka ɓata kuɗinka.

Mataki na 4: Shimfiɗa da launi. Fesa farin fenti tukuna, shi ke fito da sauran launuka. Feshi uku sirara sun fi ɗaya mai kauri, ka kuma ja gwangwanin baya kamar taƙi guda. Dubi ƙananan kifayen kogi: baya duhu, ciki fari, gefe na ƙyalli. Haka za ka bi. In kana son zanen ɓawon kifi, naɗe shi da guntun gidan sauro, ka fesa a kai, ka cire a hankali. Ido kuma, tsoma kan ƙusa a fenti ruwan ɗorawa ka ɗiga, in ya bushe ka ɗiga baƙi da ƙaramar ƙusa.

Wane launi? Ruwan ne zai faɗa maka. Da damina kogin yakan yi jajir da laka, kifi ba ya gani nesa, sai ka nemi abin da ya fita: baƙi, ko ruwan ɗorawa mai kai, ko ruwan lemo. Da rani in ruwa ya kwanta ya yi garau, launin azurfa da baya mai duhu ya fi kama da na gaske.

Mataki na 5: Rufin ƙarshe. Nan ne aiki yake tsayawa ko ya lalace. Nemi gam mai haɗi biyu wanda yake fari garau kuma mai jinkirin kamawa. Mai minti 5 yakan daskare kafin ya baje, ya kuma yi saurin komawa rawaya. Auna kashi biyun kamar yadda aka rubuta a jikinsa, ka gauraya a hankali don kada kumfa ta shiga. Bayan shafawa, riƙa juya shi har ya kama, in ba haka ba zai taru gefe guda. 'Yan sashen lantarki, ga aikinku: ƙaramin injin da ke juya faranti a tsohuwar na'urar ɗumama abinci yana zagaye 5 zuwa 6 a minti, daidai wannan aiki ne, kuma Panteka na nan kusa da mu. Ka ba shi aƙalla awa 24 kafin ya taɓa ruwa.

Yanayinmu ma sai an lura da shi. Laimar Agusta takan sa fentin feshi ya yi hazo-hazo, ƙurar hunturu kuma ta manne wa gam. Kifa kwali mai tsabta a kan aikin yayin bushewa.

Sai maganar lafiya, kuma ba wasa ba ce. Kada ka fesa fenti a ɗakin kwana, kada ka kusanci risho ko ashana da tina. Sa takunkumi da safar hannu, domin gam ɗin yakan jawo ƙaiƙayin fata da ba ya barin mutum. In da dalma ka yi nauyi, wanke hannu kafin ka ci abinci. Ƙugiya kuma ita ce ƙarshen sawa.

Ka fara da guda uku masu launi daban-daban, ka rubuta ranar gwaji, da yanayin ruwa, da abin da kowanne ya kamo. In wani ya ɓare, duba ta inda ruwa ya shiga. Kafin ka yi maganar sayarwa, ka ba masu fatsa na bakin kogi su gwada, domin tsage da haƙoransa shi ne malamin da zai ba rufinka maki.