Zaɓen Injin Naitiro Don Ƙaramin Jirgin Ruwa Mai Tafiya da Rediyo

Ɗalibin da ya tashi a Kakuri, ko Makera, ko Barnawa, ya saba da inji tun yana ƙarami. A Kakuri ne kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma da wuya mutum ya ratsa waɗannan unguwanni da dare bai ji kukan ƙaramin janaretan nan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai ba. Darasinmu a kan ƙanen wannan janareta ne, wato injin naitiro da ake ɗora wa ƙaramin jirgin ruwan da ake sarrafawa daga bakin gaɓa da na'urar rediyo. Dabarar sarrafa jirgi ta haka ta daɗe, domin Nikola Tesla ya nuna irinsa a birnin New York tun 1898. Tambayar da ƙungiyar kimiyya ta makaranta za ta fuskanta ita ce: wane inji za a saya, alhali kuɗin kaɗan ne, kuma sau ɗaya za a samu?

Yadda injin yake aiki

Injin naitiro da ƙaramin janareta tsarinsu ɗaya: duk lokacin da fistan ya hau ya sauka, mai ya kama wuta sau ɗaya. Inda suka rabu shi ne wajen kunna man. Janareta yana da fulogi mai tartsatsin lantarki. Injin naitiro kuwa fulogin nasa ɗan zaren waya ne a nannaɗe, mai haɗe da ƙarfen filatinam. Ana ɗora masa batir mai ƙarfin bolt 1.2 zuwa 1.5 har ya yi ja, a tayar da inji, sannan a cire batirin. Zaren ba zai huce ba, saboda filatinam yana zuga tururin man metanol ya haɗu da iskar oksijin a jikinsa, haɗuwar kuma tana ba da zafi. Wani Ba'amurke, Ray Arden, shi ya fito da wannan fulogi a ƙarshen shekarun 1940.

Girman injin ana auna shi ne da yawan iskar da fistan ke turawa a tafiya ɗaya. Lambar da ake rubutawa a jikinsa, kamar .15 ko .21, ma'aunin inci ne. A ninka ta da 16.4 sai a sami cc, wanda daidai yake da mililita. Ke nan .15 cc 2.5 ne, .21 kuma kusan cc 3.5, bai cika ƙaramin cokalin shayi mai mililita 5 ba. Ƙaramin janareta yana da kimanin cc 63, yana juyawa sau 3,000 a minti. Injin .21 na tsere yakan wuce juyi 30,000 a minti, wato wuta tana kamawa a cikinsa sau 500 a daƙiƙa ɗaya.

A fara da mai

Yawancin masu sha'awa da inji suke farawa, alhali shi ya kamata ya zo a ƙarshe. Abu na farko shi ne man da zai sha, domin ba a sayar da shi a gidan mai, kuma fetur ba zai maye gurbinsa ba. Abu uku ake haɗawa: metanol, da naitirometan, da man da ke hana sassan inji gogar juna, wanda yakan kai kashi 16 zuwa 20 cikin ɗari. Tun asali man zurma ake sa wa, zurmar nan da ke fitowa a kangwaye da bakin bola, saboda yana narkewa cikin metanol, baƙin man mota kuwa ba ya narkewa.

Me ya sa ake ƙara naitirometan? Ga lissafin da malamin kimiyyar sinadarai zai iya yi a allo. Kilo ɗaya na fetur yana ba da zafin da ya kai kimanin megajul 44, metanol 20, naitirometan 11.3 kacal. Da ganin wannan sai a ce fetur ya fi. To amma silinda ba ta ɗaukar iska sai gwargwadon girmanta, kuma mai ba ya ƙonewa sai da iska. Kilon fetur yana bukatar kilo 14.7 na iska, metanol 6.4, naitirometan kuwa 1.7, domin yana ɗauke da oksijin a jikinsa. Idan aka raba, kowane kilo na iska zai ba da megajul 3.0 da fetur, 3.1 da metanol, 6.6 da naitirometan. Sirrin ƙarfin ɗan injin ke nan, kuma dalilin da ya sa yake shan mai kamar rairayi.

Naitirometan yana da tsada, kuma kayan da ke saurin kama wuta ba a aiko su ta gidan waya yadda ake aiko littafi. Saboda haka, a ra'ayina, makarantar da ke Kaduna ta nemi injin da takardarsa ta ce yana aiki da naitiro kaɗan, kashi 5 zuwa 15. Akwai ma haɗin da ba shi da naitiro ko kaɗan, kashi 80 metanol da kashi 20 man zurma, wanda ake amfani da shi a wasu gasa ta ƙananan jiragen sama. Injin tseren da aka ƙera don kashi 40 ko 50 ba zai yi wa ƙungiyar ɗalibai amfani ba, kome kyansa.

Dole malami ya riƙe mabuɗin inda ake ajiye man. Metanol guba ne: shan kaɗan yana makantarwa, fiye da haka yana kisa, kamar yadda aka gani a Ode-Irele ta Jihar Ondo a 2015, lokacin da mutane suka mutu bayan shan barasar gargajiya mai ɗauke da shi. Wutarsa kuma da ƙyar ake ganinta da rana. Bugu da ƙari yana zuƙar danshi daga iska, don haka kwalbar da aka bari a buɗe da damina ta lalace.

Sai jirgi, sannan inji

Jirgin da tsawonsa ya kai kimanin santimita 60 zuwa 70, injin .15 ya ishe shi. Mai santimita 70 zuwa 80 zai ɗauki.21. Ɗora babban inji a ƙaramin jirgi yana jawo abin da dokar Newton ta uku ta yi bayani: farfela tana juyawa gefe ɗaya, ruwa yana tura jirgin ya karkata ɗaya gefen. In ƙarfin ya yi yawa, jirgin kifewa zai yi, injin mai zafi ya zuƙi ruwa, ruwa kuma ba ya matsuwa kamar iska, sai sandar fistan ta lanƙwashe.

Lalle ne injin ya zama na ruwa. Na jirgin sama iskar farfela ke sanyaya shi, na mota yana da babban kai mai tsage-tsage. Na jirgin ruwa a rufe yake cikin ciki, shi ya sa aka yi wa kansa riga da ruwa ke zagayawa, ta ɗan bututun da ke ɗibar ruwa a bayan jirgi yana fitarwa ta gefe. Yana kuma da faifan ƙarfe mai nauyi a jikin sandarsa don daidaita juyi. Ga mai farawa, wanda ake tayarwa da igiya kamar janareta ya fi sauƙi, don ba sai an sayi na'urar tayarwa ta lantarki ba. A kuma zaɓi na kamfanin da ake samun kayan gyaransa, irin su O.S. na Japan, wanda ke ƙera injinan nan tun 1936. Fulogi ƙonewa yake yi, a sayi da dama tare da injin.

Idan na hannu ne, a juya faifan da yatsa. Yawancin waɗannan injina ba su da zoben fistan. Silindar ce aka ɗan tsuke daga sama. Lafiyayyen inji zai yi tauri idan fistan ya kai sama, sannan ya faɗo da ɗan sauti. Wanda ya juya sumul ba turjiya ya gama aiki. In an ji gurzawa kamar tsakuwa, boris ya yi tsatsa.

A bakin ruwa

Kaduna tana kan tudu kimanin mita 600 sama da teku, kuma a zafin Maris da Afrilu iska takan ƙara sirancewa. Don haka allurar kafireta da aka saita a wani wuri sai an sake saita ta. A yi hattara wajen rage mai, domin man da ke kare fistan a cikinsa yake. Injin da ke gudu ba ya fitar da ɗan hayaki yana cin kansa ne. Sabon inji a ba shi mai da yawa a tankuna na farko har fistan ya zauna. Kada a sake masa wuta a tudu, inda ba ruwan sanyaya shi kuma farfela ba ta da abin turawa.

Kogin Kaduna bai dace da gwaji ba. Da damina yana gudu da ƙarfi, ga laka da ciyayi da ke toshe bututun sanyaya inji; da rani kuma duwatsu ne a fili masu karya farfela. A nemi tafki mai ruwa a kwance wanda ba a wanka ko ɗibar ruwan sha a cikinsa, a kuma riƙa duba cewa ruwa yana tsartowa ta gefen jirgi. Injin naitiro yakan mutu a tsakiyar ruwa ba sanarwa, kuma ba ya tashi da rediyo. Kada ɗalibi ya shiga ruwa bin jirgi. A tanadi ƙwallon tanis da aka ɗaura wa doguwar igiyar fatsa, a jefa ta ƙetare jirgin, a jawo shi a hankali zuwa gaɓa.