Zuba wa Kaji Magani a Ruwan Sha Kullum

Tambaya: Ko akwai illa a riƙa zuba wa kaji maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha, alhali lafiyarsu ƙalau?

Amsa: Akwai, kuma ba kan kaji ta tsaya ba. A hanjin kaza ko saniya akwai bakteriya irin su E. coli da Salmonella. In ana ba dabba magani kaɗan-kaɗan, raunanan ƙwayoyi ne ke mutuwa; masu taurin kai su tsira, su hayayyafa. Sai su biyo kashi zuwa takin lambu, ko su maƙale a wuƙar mahauci da ruwan figar kaji a kasuwa. Ranar da suka kwantar da mutum, maganin asibiti na iya kasa kama su.

A 2015 aka gano a ƙasar Sin ƙwayoyin hanjin aladu da ba sa jin kolistin, maganin da likitoci ke ajiyewa sai sauran sun gaza. Tarayyar Turai kuwa tun 2006 ta hana amfani da irin waɗannan magunguna don ƙibantar da dabbobi.

Kaza mai lafiya tsabtar akurki da rigakafi take buƙata. In ta kamu, a nemi likitan dabbobi, kuma kada a yanka ta ko a sayar da ƙwanta sai kwanakin da aka rubuta a jikin maganin sun cika.