Bangaskiyar Kirista da Siyasar Masu Ra'ayin Riƙau: Darasi Daga Amurka

Sau da yawa mukan ji ana cewa jam'iyya kaza ita ce ta masu tsoron Allah, wanda kuwa ya ƙi ta ya yi wa bangaskiyarsa tawaye. Wannan magana ta yi ƙarfi a Amurka, saboda haka ya dace mu duba abin da ya faru a can.

A zaɓen 1960, mafi yawan Katolikan Amurka sun zaɓi John Kennedy na jam'iyyar Demokrat, wanda ya zama Katolika na farko da ya shugabanci ƙasar. A lokacin, yawancinsu ma'aikata ne, jikokin baƙin haure. Al'amura sun soma canjawa a 1973, sa'ad da Kotun Ƙoli ta halatta zubar da ciki a dukan ƙasar. A 1979 wani fasto mai suna Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar Moral Majority, wadda ta tara Kiristoci masu yawa a bayan Ronald Reagan na jam'iyyar Rifablikan a zaɓen 1980. Daga nan ne aka soma ɗaure bangaskiya da ra'ayin riƙau a igiya guda. Har ta kai a 2004 John Kerry, ɗan Katolika, bai sami rinjayen ƙuri'un Katolika ba a kan George Bush, wanda ba Katolika ba ne.

Gaskiya ne cewa a kan kāre jaririn da ke cikin mahaifa, koyarwar Ikilisiya ta fi kusa da matsayin masu ra'ayin riƙau. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya bayyana wannan sarai a wasiƙarsa Evangelium Vitae ta 1995. Kuma ƙoƙarinsu bai tafi a banza ba: a 2022 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin 1973, da taimakon alƙalai uku da Donald Trump ya naɗa.

Amma fa gwamnatin nan da ta naɗa alƙalan ita ce ta zartar da hukuncin kisa a kan fursunoni 13 tsakanin Yuli 2020 da Janairu 2021, alhali tun 2018 Paparoma Fransis ya gyara Katekizim domin ya nuna cewa Ikilisiya ba ta yarda da wannan hukunci ba. Haka kuma batun baƙi da matalauta. Tun wasiƙar Rerum Novarum ta Paparoma Leo na 13 a 1891, Ikilisiya take tsaye a kan haƙƙin ma'aikaci na samun albashin da zai riƙe iyalinsa. A Matta sura 25 kuwa, Ubangiji ya ɗaura shari'ar ƙarshe a kan yadda muka bi da mayunwaci, baƙo, mara lafiya da ɗan kurkuku. Wanda ya ɗauki rabin koyarwar ya yar da rabi, jam'iyyarsa yake bi, ko da sunan Yesu yana bakinsa.

Shi ya sa Majalisar Batikan ta Biyu, a takardar Gaudium et Spes ta 1965, ta koyar cewa Ikilisiya ba ta ɗaure da wani tsarin siyasa ba, kuma masu bi na ƙwarai suna iya saɓawa a kan hanyar warware matsala guda, ba tare da ɗayansu ya ce shi kaɗai Ikilisiya take goyon baya ba. Dokar Ikilisiya ma ta hana firistoci shiga harkar jam'iyyu kai tsaye, sai da izini na musamman. Aikin Fada shi ne ya horar da lamiri. Dangwala ƙuri'a aikinka ne.

Wannan ba ya sauƙaƙa zaɓe, yana ƙara masa nauyi ne. A Satumba 2024 'yan jarida sun tambayi Paparoma Fransis game da Trump da Kamala Harris. Bai ambaci wanda za a zaɓa ba. Ya ce dukansu biyu suna gāba da rai, ɗaya ta korar baƙin haure, ɗaya ta goyon bayan zubar da ciki. Ya kuma ce kada a ƙauracewa zaɓe, sai dai kowa ya auna da lamirinsa, ya zaɓi wanda sharrinsa ya fi sauƙi.