Maigida da Yaran Shago: Darasi Daga Gidan Gaskiya

Tudun Wada ta Zariya unguwa ce ta masu sana'a. Tana tsakanin Birni da Sabon Gari, kuma tun zamanin Turawa mutane su ke zuwa daga wurare dabam dabam su zauna a cikinta domin neman abinci. Akwai teloli, da kafintoci, da makanikai, da masu walda, da masu gidan abinci. Da yawa cikin 'yan'uwanmu masu karanta wannan jarida suna da irin waɗannan shaguna, kowa da yaransa biyu ko biyar. Sau da yawa sana'a ta kan mutu ko da ya ke mai ita gwani ne, gama iya aikin hannu dabam, iya riƙon mutane dabam. A darasin wannan wata za mu duba labarin wani gidan aiki da ya tashi nan kusa da mu, mu ga abin da mai ƙaramin shago zai koya.

1. Ka zaɓi mutum bisa ga aikin da ka gani

A shekarar 1933 wani Bature mai suna Rupert East, shugaban ofishin talifi na Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta labaru da Hausa. Cikin waɗanda su ka aiko da nasu akwai wani saurayi, malamin makarantar Midil ta Katsina, Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911. East ya karanta aikinsa, ya ga akwai hannu. A 1936 ya nema a ba shi aron Imam zuwa Zariya na wata 6, nan ne aka rubuta Magana Jari Ce. Sa'an nan da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu 1939, Imam ne ya zama editanta, bai ko cika shekara 30 ba.

Ku lura da matakan nan. Da fari an ga aikin mutum. Bayan haka an gwada shi na ɗan lokaci. Daga baya ne aka danƙa masa babban aiki. Mu kuwa mu kan juya abin. Ɗan ƙanenmu ya zo daga ƙauye yau, gobe mun ba shi makullin shago da akwatin kuɗi, domin kawai jini ɗaya ne. In ya yi ɓarna, sai zumunci ya lalace, shago kuma ya lalace. Taimakon dangi abu ne mai kyau, amma ka gwada ɗan'uwa kamar yadda za ka gwada baƙo: shara da aike tukuna, sa'an nan ƙaramin ciniki, sa'an nan kuɗi.

2. Kada maigida ya zama shi kaɗai ne hannu

East ya iya Hausa ƙwarai, amma bai ce shi zai rubuta kome ba. Ya nemi masu harshen, ya zauna da su, yana duba aiki yana ba da shawara, sunan marubuci kuwa ya fito a bangon littafi. Har ya haɗa hannu da John Tafida, mutumin Wusasa, su ka rubuta littafi ɗaya tare. Imam kuma ya riƙe jaridar nan shekara fiye da 10.

Akwai maigidan da ba ya yarda yaro ya yanka yadi, ko ya kwance inji, ko ya faɗa wa mai saye kuɗin kaya. Yana tsoro kada yaro ya iya, ya buɗe nasa shago. To, ran da zazzaɓi ya kwantar da maigidan nan sati 2, shago a rufe ya ke, yara suna zaune a bakin ƙofa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka raba aiki, kowane yaro ya san nasa: wannan yanka, wannan ɗinki, wannan guga da ba da kaya. Ka koya wa mutum biyu kowane aiki, domin in ɗaya ba ya nan, aiki ba zai tsaya ba. In yaro ya yi abin kirki, ka faɗa a gaban mai kaya cewa shi ya yi. In ya yi kuskure, ka ja shi gefe ka yi masa faɗa a asirce.

3. Yin kaya dabam, sayar da kaya dabam

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya, da injinan ɗab'i nasa. Daga 1954 kuma hukumar da a ke kira NORLA ta shiga fitar da littattafai da ƙananan jaridu saboda Yaƙi da Jahilci. Ta buga littattafai masu yawa, masu amfani kuwa. Amma kai su hannun masu saye a garuruwa da ƙauyukan Arewa ya yi wuya, kuɗin da ke shigowa bai kai wanda ke fita ba, aka rufe ta a 1959. Sai a 1966 aka kafa kamfanin NNPC, inda Gaskiya ta haɗa gwiwa da Macmillan, kamfanin Ingila wanda ya daɗe cikin cinikin littattafai.

In wannan ya sami hukuma mai goyon bayan gwamnati, ina ga kafinta mai yara uku? Kujeru 20 da ke jibge a shago, rana tana dukansu, kuɗi ne a ɗaure. Kafin ka sayi katako, ka tambayi kanka: wa zai saya, a nawa, yaushe zai biya? In kai ba ka da bakin ciniki, ka nemi wanda ya ke da shi cikin yaranka, ka ba shi wannan aiki, ka ba shi ladansa.

4. Ka auna ƙarfin shagonka

Bari mu yi lissafi. A ce tela yana da yara 4 masu ɗinki, kowa yana gama riga 2 a yini. Riguna 8 ke nan a yini, 48 a kwana 6 na aiki, 144 a sati 3. To, ga Kirsimeti ko Salla saura sati 3, maigida ya karɓi ɗinki 200 domin kwaɗayin kuɗin kafin alkalami. Mutum 56 za su sha kunya ran idi, kuma kowannensu zai faɗa wa gidansa da maƙwabtansa. Ba a ma sa ranakun da babu wutar lantarki cikin lissafin ba. Laifin nan na maigida ne wanda bai ƙirga ba, ba na yaran da zai kwana yana zagi ba.

Saboda haka ka sayi littafi, ko na 'yan makaranta ne. Kowace yamma a rubuta abu 4: abin da ya shigo, abin da ya fita, bashin da a ke bin ka, da bashin da ka ke bi. Kuɗin da aka turo ta waya ko ta POS shi ma a rubuta, gama shi ne ya fi saurin ɓacewa daga tunani. Ka yanka wa kanka albashi, kada ka riƙa sa hannu cikin akwatin shago domin cefane. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, kuɗin mota da na janareta su ka tashi ƙwarai. Wanda ba ya rubutu zai yi ta sayarwa a tsohon farashi, yana cin jarinsa, yana tsammani riba ce.

5. Hakkin yaro

A watan Yuli 2024 gwamnatin Nijeriya ta sa mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a wata. Dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, watau yawancin shagunanmu suna waje da ita. Amma wannan bai ba mu izinin cin gumin kowa ba. Ran da ka karɓi yaro, ku zauna da iyayensa da shaidu biyu, a rubuta shekara nawa zai yi, me za a ba shi na abinci, da abin da za a sallame shi da shi ran yaye, ko keken ɗinki ne ko kayan aiki. In lokaci ya yi, ka cika. Maigidan da ya ƙaga wa yaro laifin sata ana saura wata 2 a yaye shi, domin kada ya ba shi kome, ya ɓata sunansa a unguwa, ya kuma ɓata sunan ikilisiyar da a ke ganinsa a ciki kowace Lahadi.

A Tudun Wada Kirista da Musulmi suna aiki a shago ɗaya. Ka ba yaronka Musulmi lokacin sallarsa da Jumma'arsa ba tare da gunaguni ba, kamar yadda kai ma ka ke rufe shago ran Lahadi. Yaran suna kallonka. In su ka ga ka ce wa mai kaya "gobe" alhali ka sani ba ka ko yanka yadin ba, su ma za su ce maka "gobe".

Tambayoyi domin taron zumunta

1. In ka kwanta ciwo sati 2, wa zai riƙe shagonka? Ka koya masa?
2. Kaya nawa shagonka ya ke iya gamawa a sati? Ka taɓa ƙirgawa?
3. Akwai alkawarin da ka yi wa yaro ko iyayensa wanda ba ka cika ba tukuna?

Kowa ya amsa wa kansa da gaskiya, sa'an nan ya zaɓi abu ɗaya da zai gyara kafin ƙarshen wata.