Ido, Haske da Bindigar Iska: Yadda Ake Zaɓen Madubin Saiti don Gasar Harbi

Gabatarwa

Bindigar iska ita ce wadda ba ta amfani da albarushi, sai dai matsattsiyar iska da ke tura ɗan ƙaramin harsashi na dalma mai faɗin milimita 4.5. A ƙasashe da yawa ana gasar harbi da ita, kuma wasu daga cikin gasannin ba sa yiwuwa sai da madubin saiti, wato ɗan tabarau mai hangen nesa da ake ɗaurawa a bisa bindiga. Sabon shiga yakan ɗauka cewa madubin da ya fi girmama abu shi ne ya fi kyau. Wannan darasi zai nuna cewa zaɓen ya rataya ne a kan abubuwa huɗu: dokar gasa, nisan abin bara, irin bindigar, da kuma halittar idon maharbi.

Wace gasa ce?

A gasar Olamfik ana harbi da bindigar iska daga nisan mita 10, kuma an shigar da wannan wasa a shekarar 1984 a Los Anjalas ta Amurka. Ɗigon da ke ba da maki goma faɗinsa rabin milimita ne kacal, amma duk da haka doka ta hana madubi mai girmama abu. Maharbi yana leƙawa ne ta wata 'yar huda. Saboda haka mai shirin wannan gasa ba ya bukatar madubin saiti ko kaɗan.

Inda madubin yake da muhimmanci shi ne gasar da ake kira Field Target, wato harbin bara a fili, wadda ta samo asali a Ingila a shekarar 1980. Akan kafa siffofin ƙananan dabbobi na ƙarfe a cikin daji, kowace da rami a jikinta mai faɗin milimita 15 zuwa 40. Idan harsashi ya shiga ramin sai siffar ta kife. Nisan yakan kama daga mita 9 zuwa mita 50, kuma ba a faɗa wa maharbi. Akwai kuma ƙanwarta, Hunter Field Target, wadda a cikinta aka hana taɓa ma'aunan madubi da zarar an fara harbi.

Iyakar idon ɗan Adam

Lafiyayyen ido yana iya bambance ɗigo biyu idan tazarar da ke tsakaninsu ta kai kashi ɗaya cikin sittin na digiri. A nisan mita 50 wannan ya yi daidai da santimita ɗaya da rabi. Ke nan rami mai faɗin santimita 4 ido zai gan shi, amma a matsayin ɗan tabo wanda ba a iya tantance tsakiyarsa da gefensa. Aikin madubi shi ne faɗaɗa hoton da ke sauka a kan tantanin bayan ido, domin ya mamaye ƙwayoyin gani masu yawa.

Madubin yana da rukunin gilasai uku. Na gaba yana tattara haske ya haɗa hoto a kife. Na tsakiya yana miƙar da hoton. Na baya, wanda ke kusa da ido, yana girmama shi. A cikin bututun akwai gicciyen zare wanda ake ɗorawa a kan abin bara. Wani masanin taurari ɗan Ingila, William Gascoigne, shi ya fara sanya irin wannan zare a cikin tabarau wajen shekarar 1640.

Ma'anar lambobin da ke jikin madubi

Idan aka rubuta 4x32, ana nufin madubin yana girmama abu sau 4, kuma faɗin gilashin gaba milimita 32 ne. Idan aka rubuta 10-50x60, ana iya sauya girmamawar daga 10 zuwa 50, gilashin gaba kuwa milimita 60.

Daga waɗannan lambobi ake gano kaurin hasken da ke fitowa zuwa ido: a raba faɗin gilashin gaba da yawan girmamawa. A madubin 4x32 ana samun milimita 8; a na 10-50x60 da aka murɗa zuwa 50 ana samun milimita 1.2 kawai. Ƙofar hasken ido, wato baƙin ɗigon da ke tsakiyar ƙwayar ido, takan tsuke zuwa milimita 2 ko 3 da rana, ta buɗe zuwa wajen 7 a duhu ga matashi, kuma buɗewar tana raguwa da shekaru. Idan hasken da ke fitowa ya fi ƙofar kauri, rarar ta tafi a banza. Idan kuwa ya yi siriri ƙwarai, hoton zai dushe a inuwar itatuwa, kuma da kai ya ɗan goce sai hoton ya ɓace.

Har ila yau, madubi yana girmama motsin jiki kamar yadda yake girmama abin bara. Bugun zuciya da numfashi da ɗan karkarwar tsoka, waɗanda ba a lura da su a girmamawa ta 4, sukan sa zaren ya riƙa rawa a girmamawa ta 50. Shi ya sa maharba da dama suke rage girmamawa idan za su yi harbi a tsaye.

Faɗuwar harsashi da aunin nisa

A Ingila ƙarfin bindigar iska da babu bukatar lasisi a kanta bai wuce jul 16 da 'yan kai ba, kuma da wannan iyaka ake gasar. Harsashi mai nauyin kimanin rabin giram yakan fita da gudun mita 240 a daƙiƙa. Tun daga bakin bindiga ƙasa take janyo shi. Ko da an ajiye turjiyar iska a gefe, lissafi ya nuna cewa a mita 10 faɗuwarsa ba ta kai santimita 1 ba, amma a mita 50 ta kai santimita 21. Maharbin da ya ɗauki mita 50 a matsayin 45, harsashinsa zai sauka kimanin santimita 2 ƙasa da tsakiya, wato daidai bakin rami mai faɗin santimita 4. Kuskuren mita 5 ya isa ya hana shi maki.

A nan ne babbar girmamawa take da amfani. Idan girmamawa ta yi yawa, tazarar da hoto yake fita tangaram a cikinta takan ƙuntata. Maharbi yana juya wani faifai da ke gefen madubin har sai hoton ya fito sarai, sa'an nan ya karanta nisan a jikin faifan, inda shi da kansa ya riga ya yi alamomi bayan ya auna da tef. Don haka masu Field Target suke neman girmamawa ta 35 zuwa 50 da babban faifai. Masu Hunter Field Target kuwa, da yake an hana su juya komai, sukan zaɓi girmamawa wajen 10 da ƙaramin gilashin gaba, domin na kusa da na nesa su fito daidai gwargwado.

Gocewar gani

Ɗalibi ya miƙa hannu ya ɗaga babban yatsa, ya rufe ido ɗaya, sa'an nan ya sauya. Zai ga yatsan ya yi tsalle a kan abin da ke bayansa. Haka yake faruwa a cikin madubi idan hoton abin bara da zaren saiti ba su faɗa wuri ɗaya ba: da ido ya motsa sai zaren ya goce, alhali bindiga ba ta motsa ba. Madubin da aka ƙera don bindigar albarushi galibi an daidaita shi ne a yadi 100, kimanin mita 91, don haka yana yaudarar ido a nisan da ake harbi da bindigar iska. Wajibi ne mai saye ya tabbatar cewa madubin yana daidaituwa har zuwa mita 10 ko ƙasa da haka.

Irin bindigar

Bindiga mai tukunyar matsattsiyar iska kusan ba ta zabura, kuma kowane madubi mai inganci zai zauna a kanta. Mai sifirin daban take. Idan aka ja kunama, fistin yana rugawa gaba sai bindigar ta ja baya. Da ya kai ƙarshe sai ta fizgo gaba. Wannan girgiza mai fuska biyu tana sassauta gilasai, har ta lalata madubin da yake jure wa babbar bindiga. Mai irin wannan bindiga sai ya nemi madubin da aka ƙera dominta, da maɗauri mai ƙusar da ke hana shi zamewa.

Daidaita madubi da ido

Kafin komai, ana daidaita gilashin baya da idon mai shi. Maharbi ya fuskanci farin bango, ya leƙa na daƙiƙa biyu, ya kau da kai, ya juya gilashin, ya sake leƙawa, har zaren ya fito baƙi ƙirin. Dalilin gajeren leƙe shi ne tsokar da ke cikin ido tana sauya kaurin gilashin ido domin ta gyara hoto maras kyau, sai ta ɓoye kuskuren, ido kuma ya gaji a tsakiyar gasa. Wannan iyawa tana raguwa bayan shekara 40, shi ya sa madubin da aka daidaita wa malami ba lalle ya yi wa ɗalibinsa ba. Kada a kuskura a dubi rana ta cikin madubi, domin hasken da ya tattara yana ƙona tantanin ido nan take. Haka kuma bindigar iska makami ce mai iya kisa. Ba a riƙe ta sai bisa dokar ƙasa, a filin da aka keɓe, ƙarƙashin kulawar mai horarwa.

Tambayoyi don nazari

1. Mene ne kaurin hasken da ke fitowa daga madubin 6-24x48 a girmamawa ta 6, da kuma ta 24?
2. Me ya sa madubin da ya dace da Field Target ba zai dace da Hunter Field Target ba?
3. A maimaita gwajin yatsa da abin da ke nisan mita 2 da kuma na mita 20, a bayyana bambancin da aka gani.