Darasi A Kan Tsoron Fatalwa

 Na san akwai wani abu da kake jin kunyar faɗa a gaban malamai. Da rana kana addu'a da ƙarfin zuciya, amma kadan dare ya yi, hanya ta bi da kai ta gefen makabarta, ko gindin tsohuwar kuka, ko wani kango da aka ce ba a kwana ciki, sai tsikar jikinka ta tashi, ka tuna da layar nan da ka kwance. Kada ka zaci mu kaɗai ke da wannan tsoro. Bari in ba ka labarin wani lardi na ƙasar Ingila, domin ka ga yadda labarin fatalwa yake tsira, da abin da yake ciyar da shi.

1. Lardin Essex

Essex lardi ne a bakin teku, arewa maso gabas da birnin Landan. Mutanensa suna da makarantu da majami'u tun zamani mai nisa, duk da haka labarun fatalwa ba su ƙare a bakinsu ba. Akwai wani tsibiri a can ana kiransa Mersea, hanya ɗaya ce ta haɗa shi da tudu, teku kuwa takan rufe ta in ta cika. Ana cewa wai fatalwar wani sojan Rum tana tafiya bisa hanyar da dare, alhali mulkin Rumawa ya ƙare a ƙasar fiye da shekara 1,600 da suka wuce. Amma wurin da ya fi duka suna, shi ne wani gida a ƙauyen Borley. Abin mamaki kuwa, gidan limamin ikilisiya ne.

2. Gidan Borley

Wani limami, Henry Bull, ya gina gidan cikin shekara ta 1862, ya zauna ciki da 'ya'yansa goma sha huɗu. Sannu a hankali wani labari ya yaɗu. Wai a zamanin dā akwai gidan masu zuhudu a wurin, watau mutanen da suka keɓe kansu ga ibada ba su aure. Wai ɗayansu ya yi nufin guduwa da wata mace mai zuhudu, aka kama su, aka kashe shi, ita kuwa aka gine ta da rai cikin bango. Cikin 1900 'yan mata huɗu na gidan suka ce sun ga fatalwarta da magariba.

Cikin 1929 wani limami da ya zo daga baya ya kai maganar ga jaridar Daily Mirror. Jaridar ta kawo wani mutum mai suna Harry Price, wanda sana'arsa binciken fatalwa ce. Da zuwansa sai al'amura suka ƙaru, ana jifa da duwatsu cikin gida, abin da ba a saba gani ba. A zamanin limamin da ya biyo baya kuma aka riƙa ganin rubutu a jikin bango. Cikin 1937 Price ya karɓi hayar gidan har shekara guda, ya tara mutum 48 suna gadi suna rubuta abin da suka ji. Waɗansu kuma suka shiga kiran matattu da wani ɗan allo mai fensir a jiki. A watan Maris 1938 suka ce wani ruhu ya gaya musu gidan zai ƙone a daren nan. Gari ya waye, gida yana tsaye. Sai a watan Fabrairu 1939 wuta ta ci shi. Mai gidan ya ce fitila ce ta faɗi, masu inshora kuwa suka ga alamar da gangan aka sa wutar. Cikin 1940 Price ya fitar da littafi, ya kira wurin gidan da ya fi kowane yawan fatalwa a Ingila. Aka rushe kangon cikin 1944.

3. Ramin ƙarya ƙurarre ne

To, ka ji ƙarshen zance. Da aka duba tarihi, ba a sami shaida ko ɗaya ba cewa an taɓa gine wata mace cikin bango a can. Matar limamin da ya kira jarida ta faɗa daga baya cewa ita ba ta yarda akwai fatalwa a gidan ba. Bayan mutuwar Price cikin 1948, wani ɗan jarida ya ce ya taɓa kama shi a Borley da aljihu cike da tsakuwa. Cikin 1956 masu bincike uku suka bi diddigin al'amarin, suka ce waɗansu abubuwan Price ne ya ƙaga su, waɗansu kuwa motsin ɓeraye ne da amsa kuwwar babban gida.

Duba fa, ɗan'uwa. Tsoro ya shuka labarin, gama da magariba ido ba ya rabe mutum da inuwa. Baki ya yi masa ban ruwa, kowa ya ji ya ƙara nasa. Neman suna da riba suka kai shi kasuwa. In haka ta faru ga masu karatu, har cikin gidan limami, kada ka yi mamaki in ta faru a unguwarku.

4. Koyarwar Littafi Mai Tsarki

Almajiran Ubangijinmu Yesu ma sun taɓa jin wannan tsoro. Cikin Matiyu sura 14, suna cikin jirgi da dare, suka gan shi yana tafiya bisa ruwa, suka yi kururuwa, suna tsammani fatalwa ce. Ashe wanda suke tsoro shi ne mai cetonsu. Cikin Luka sura 24 kuma, bayan tashinsa daga matattu, ya nuna musu hannuwansa da ƙafafunsa, ya ci gasasshen kifi a gabansu. Bai yi fushi da raunin zuciyarsu ba, shaida ya ba su.

Littafi bai ɓoye mana cewa akwai ƙazaman ruhohi ba, amma ko'ina suka gamu da Yesu, umurni ya ba su, suka fita. Game da matattu kuwa, misalin mai arziki da Li'azaru cikin Luka sura 16 ya nuna suna hannun Allah, ba a bar wani ya komo gidan ubansa ba. Attaura ta hana neman magana da matattu. Sarki Saul ya ƙetare wannan doka, ya tafi wurin wata mai duba a Endor da dare, ya komo da tsoro wanda ya fi na dā.

5. Abin da ya wajaba a kanka

Na fari, kadan ka ji motsi da dare, yi addu'a, sa'an nan ka ɗauki fitila ka duba, ko ka kira wani ku tafi tare. Gani ya kori ji. Sau da yawa mujiya ce, ko jemage, ko ɓarawo wanda tsoron mutane yake yi wa gadi.

Na biyu, kada ka ba da labarin abin da ba ka tabbata ba. Wanda ya ce akwai fatalwa a gidan maƙwabcinsa ya ɓata masa gida, wataƙila kuma ya jawo a kira wata tsohuwa mayya. Wannan shaidar zur ce.

Na uku, kada ka kai kuɗinka ga mai duba ko mai kiran matattu, kada kuwa ka koma ga laya. Wanda yake cin abinci da tsoronka ba zai so ya ƙare ba.

Na huɗu, kada ka tsoratar da yara da dodo domin su yi shiru, kada kuma ka yi wa matsoraci dariya. Raka shi gida, ku yi addu'a tare. In tsoron yana cikin taka zuciya, gaya wa dattawan ikilisiya, ba abin kunya ba ne.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku suka raya labarin Borley?
2. Da me Yesu ya kawar da tsoron almajiransa?
3. Wane wuri ne kake gudun wucewa da dare, wa kuma za ka kira ya raka ka can cikin wannan mako?

Allah na salama shi tsare ka, da dare da rana. Amin.