Yadda Ake Gane Tafiyar Taurari Daga Haskensu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Kano zuwa Katsina, wajen Bichi, ya san wannan: idan babbar mota ta taho tana hon, ƙarar takan zo da kaifi, da ta gifta sai ta yi kauri. Direban kuwa bai ji canjin komai ba. Dalili shi ne sauti yana tafiya igiya-igiya, kamar ruwan kududdufi in an jefa dutse. Motar da ke tahowa tana bin bayan igiyoyinta, sai su matse. In ta wuce sai tazararsu ta buɗe. Christian Doppler, mutumin Ostiriya, shi ya bayyana haka a 1842.

To, haske ma igiya ne. Idan aka bi da hasken tauraro ta cikin gilashi mai kusurwa uku, yakan rabu kamar bakan gizo, daga ja zuwa shuɗi, da wasu siraran layuka baƙaƙe a ciki. Kowane sinadari yana da layukansa a wuri sananne, kamar duwatsun iyakar gona. Iskar haidirojin, alal misali, tana da layi a nanomita 656.3. In layin ya gusa wajen ja, tauraron yana nisantar mu. In wajen shuɗi, yana kusanto mu.

A nan ɗalibai kan yi tuntuɓe a jarrabawa, su rubuta cewa kowane jan tauraro gudu yake yi. A'a. Jansa daga ƙarancin zafinsa ne. Layukan ake dubawa, ba launin da ido ke gani ba.

Lissafin ba wuya. Haske yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Idan layi ya gusa da kashi ɗaya cikin dubu, wato daga 656.3 zuwa wajen 655.6, gudun shi ma kashi ɗaya ne cikin dubu na gudun haske: kilomita 300 a daƙiƙa. Kusan abin da Vesto Slipher ya samu ke nan a Amurka a 1912, da ya auna gungun taurarin Andromeda, ya tarar yana tahowa wajenmu. Yawancin sauran gungunan sun gusa wajen ja, kuma a 1929 Edwin Hubble ya nuna cewa mafi nisa su ne mafi gudu.

Amma ku lura, awon nan tahowa ko tafiya kaɗai yake faɗa. Gilmawar tauraro ta gefe sai an yi shekaru ana kwatanta hotunan sama kafin a gane ta.